Sannu, Jaje da Ta'aziyya: Kalmomin da Suka Biyo Mu Madina

'Yan uwa mazauna nan da na gida, kun taɓa lura cewa Bahaushe ba ya lallashin mutum da kalma ɗaya? Kowane ciwo da tasa gaisuwar. Marar lafiya dubiya ake zuwa masa, a ce sannu, ya jiki. Wanda gobara ko ɓarawo ya taɓa, jaje ake yi masa, a ce Allah ya mayar da alheri. Wanda ya tsira daga haɗari, barka da arziki. Mutuwa kaɗai ake wa ta'aziyya. In kika yi wa mai gobara ta'aziyya, ai sai a kalle ki.

Kalmomin nan gida biyu suka fito. Ta'aziyya, barka da lafiya daga Larabci suke, sun shigo mana da addini da karatu, wanda Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. A Larabci asalin ta'aziyya shi ne ka sa mutum ya daure. Sannu, haƙuri da dangana kuwa namu ne. Sannun da ake wa majinyaci ita ce dai ta "sannu a hankali", wato ka bi jikinka da lallami.

To, kalmomin da suka tafi daga nan sun dawo a bakin kakanninmu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zarce da jama'a har Sudan, wasu suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Makka da Madina, inda Alfa Hashim ya zama jigon baƙin Afirka ta Yamma har rasuwarsa a 1931. Zuriyar irin waɗannan matafiya ce kuke gani da sunan Hausawi, Fallata da Barnawi.

A wancan zamani, tafiya Hajji a ƙasa shekaru take ci, ana yi ana tsayawa noma ko ƙwadago a hanya. Sallamar ma kamar ta mutuwa ce, a yafi juna, a ce sai in da rabon ganawa. Mutum zai rasu a hanya, labari ba zai isa Kano ba sai wani alhaji ya komo. Sai a zauna makokin wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Jirgin sama ya gajarta tafiyar, ya gajarta labarin. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin alhazai da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ya faɗi, mutum 261 suka rasu, gari guda ya zama gidan makoki. A turmutsitsin Mina na 24 ga Satumba 2015 kuwa, inda muka rasa Hajiya Bilkisu Yusuf, a waya mutane suka riƙa jin rasuwar nasu tun kafin a gama tantance gawawwaki.

Madina tana da nata salon. Wanda aka yi wa salla a Masallacin Annabi aka kai shi Baƙi'a, ta'aziyyarsa takan gauraya da barka, ki ji ana cewa "wallahi ya dace". Gaskiya ne, kowa na fata. Amma ku tuna da matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma a Katsina, ba ta ga gawa ba, ba ta ga makara ba. In kun kira ta, ku fara da "ya haƙuri", ku bar ta ta yi kukanta, dacewar ta biyo baya.

Makwabtanmu Larabawa a nan Aziziyya kwana uku suke karɓar gaisuwa, galibi bayan magariba, su yi addu'ar Allah ya girmama lada, a amsa, a tashi. Tamu tambaya ce da amsa. Ya haƙuri? Haƙuri sai Ma'aiki. Ya ƙarin haƙuri? Da godiya. In yaro ne ya rasu, a ce Allah ya sa mai ceto ne. In babba ne, Allah ya jiƙansa, ya albarkaci bayansa. Tambayar tana tilasta wa mai baƙin ciki ya buɗe baki, kuma wanda ya yi magana ya fara dawowa cikin mutane.

Sai dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya zan ja kunnenku a kan abu ɗaya. "Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, Bahaushe ko yana gargarar mutuwa haka zai ce. In likita ya tambayi tsohuwa, jikanta ya fassara masa cewa ta samu sauƙi, to an cuce ta. Ku sake tambayarta: ina ne ke ciwo, tun yaushe, yana hana barci? Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ciwon ƙirji ba a yi masa dangana, asibiti ake kai shi.

Yaranmu da aka haifa a nan sun iya addu'o'in Larabci fiye da mu, Allah ya ƙara musu. Abin da ke kuɓuce musu shi ne bambancin jaje da ta'aziyya, da yadda ake durƙusawa a ja "sannu" a gaban dattijo. Ba a koyon wannan a makaranta. In za ku dubiya ko gidan rasuwa, ku riƙe hannun yaro ku tafi da shi, ya zauna gefe ya ji. Wata rana shi zai kira kawunsa na Maraɗi ya yi masa gaisuwar rashinku, kuma da harshen da kawun ke ji zai yi ta.