Lois Duncan da Littattafan Fargaba na Matasan Amurka

A shekarun 1950, littattafan da ake rubuta wa samari da 'yan mata a Amurka ba su cika wuce soyayyar makaranta da bikin rawa da rigar da za a sa ba. Da irin waɗannan littattafai Lois Duncan ta fara. An haife ta a Filadelfiya ranar 28 ga Afrilu, 1934, ta tashi a Sarasota ta jihar Florida, a gidan da uwa da uba duk masu ɗaukar hoto ne. Tana da shekara 13 wata mujallar 'yan mata ta sayi gajeren labarinta, ɗaya daga cikin littattafanta na farko kuma, Debutante Hill, ya fito a 1958.

Rayuwa ce ta sauya mata alƙalami. Aurenta na fari ya mutu, ta kwashi 'ya'ya uku a 1962 ta koma Albuquerque a jihar New Mexico, inda rubutu ya zama hanyar ci da sha. Daga baya ta sake aure, ta ƙara haihuwa biyu, ta koyar da aikin jarida a jami'ar jihar. A 1966 ta fitar da Ransom, labarin ɗalibai biyar da aka sace a motar makaranta don neman kuɗin fansa. Daga nan ta kama turbar da aka san ta da ita.

Abin da ya bambanta ta da sauran marubuta shi ne inda take ajiye tsoron. A mafi ƙarfin littattafanta, abin tsoro yana zaune ne a cikin aji, a zuciyar yaran kirki. A I Know What You Did Last Summer, na 1973, matasa huɗu na dawowa daga shagali da dare suka banke wani yaro a kan keke, suka gudu, suka yi alƙawarin rufe baki. Bayan shekara guda wasiƙa ta iso wa ɗaya daga cikinsu: akwai wanda ya sani. A Killing Mr. Griffin, na 1978, ɗalibai suka sace malaminsu mai tsanani don su ɗan tsorata shi, suka bar shi ɗaure a daji, ba su san yana da ciwon zuciya ba kuma ba ya tare da maganinsa. Ya mutu. Kusan dukansu ba mugaye ba ne. Biye wa shaiɗanin yaro guda suka yi, kowa na gudun a ce shi ne matsoraci. Iyaye da dama sun nemi a cire wannan littafi daga makarantu, kuma a ganina ba su fahimce shi ba, domin ba kasafai ake samun littafin da ya nuna wa yaro illar mugun aboki kamarsa ba.

Ran nan sai abin da take ƙagawa ya shigo gidanta. A daren 16 ga Yuli, 1989, aka harbe autarta, Kaitlyn, mai shekara 18, tana tuƙi zuwa gida a Albuquerque. Ta cika washegari. 'Yan sanda suka ce harbin kan mai uwa da wabi ne. Uwar ba ta yarda ba. Ta shiga bincike da kanta, ta rubuta Who Killed My Daughter? a 1992, sannan One to the Wolves a 2013, duk a kan kisan. Littafin fargaba ɗaya tak ta ƙara kammalawa, Gallows Hill a 1997, sai ta daina, domin zuciyarta ba ta ƙara ɗaukar ƙirƙiro yarinya ta jefa ta cikin haɗari ba.

A shekarar nan ta 1997 aka mayar da littafinta na 1973 fim, ya kuma yi kasuwa ƙwarai. Sai dai an cusa masa wani makashi mai ƙugiya yana bin matasa yana yankawa, abin da babu shi a littafin. Ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Uwar da ta binne 'ya ba za ta ga zubar da jini a matsayin abin nishaɗi ba, kuma tana da gaskiya.

Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ta ba ta lambar Margaret A. Edwards a 1992, ƙungiyar marubuta labaran bincike ta ƙasar kuma ta ba ta babbar lambarta a 2015. Ta rasu a Florida ranar 15 ga Yuni, 2016, tana da shekara 82, ba ta san wanda ya kashe 'yarta ba. Sai a 2021 wani mutum ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ne ya kashe ta, ya kuma amsa wasu kashe-kashe biyu a garin, kuma a 2024 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 45.