Baikonur: filin da Rasha ta ɓoye wa duniya, yau kuɗin hayarsa take biya

Duk lokacin da kuka ji a rediyo an ce Rasha ta harba kumbo ɗauke da ƴan sama jannati, to ku sani ba daga cikin ƙasar Rasha ya tashi ba. Daga Kazakistan ne, a wani fili da ake kira Baikonur. Kuma ko sunan ma na aro ne.

A watan Fabrairun 1955 Tarayyar Sobiyet ta yanke shawarar gina wurin gwajin makami mai linzami wanda zai iya kaiwa Amurka. Suna son fili fetal, ba birni kusa, don guntayen roka su faɗo ba a kan gidaje ba, kuma mai hanyar jirgin ƙasa. Sai suka zaɓi wata ƴar tasha mai suna Tiyuratam, kusa da kogin Sir Dariya. Wurin ba daɗin zama: da rani zafi kamar namu na Afrilu, da hunturu sanyi ya kai 40 ƙasa da sifiri. Sojojin da suka fara aikin a tantuna da ramuka suka kwana.

Daga nan ne rokar R-7 ta Sergei Korolev ta ɗaga Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, tauraron ɗan adam na farko, mai nauyin kilo 83 da ɗoriya. Wata guda bayan haka aka aika karya Laika, ba ta dawo ba. Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya, tafiyar minti 108. Da aka zo rubuta daga ina ya tashi, sai hukuma ta ce Baikonur, alhali Baikonur na gaskiya wani ƙaramin gari ne na masu haƙar ma'adinai, mai nisan fiye da kilomita 300 daga wurin, ya fi tsakanin Maraɗi da Damagaram. Abin dariyar, jirgin leƙen asirin Amurka U-2 ya riga ya ɗauki hoton filin tun 1957. Ke nan waɗanda aka fi ɓoye wa su ne talakawan Sobiyet. Shi kansa Korolev, wanda ya taɓa zaman sansanin gwale-gwale a zamanin Stalin, ba a bayyana sunansa ba sai da ya rasu a 1966.

Ɓoyon da ya fi muni shi ne na ranar 24 ga Oktoba 1960. Ana gaggawar gwada sabon makami R-16, aka samu matsala bayan an cika shi da mai. Ƙa'ida ita ce a janye man tukuna, mutane su yi nisa. Babban hafsa Mitrofan Nedelin bai yarda a ɓata lokaci ba, ya ma sa aka kawo mai kujera ya zauna kusa da rokar. To idan shugaba na zaune nan, wane ƙaramin ma'aikaci zai ce shi yana tsoro? Injin bene na biyu ya kama ba zato, wuta ta cinye sama da mutum 70, har da shi Nedelin. Aka shaida wa ƙasa wai hatsarin jirgin sama ya yi. Sai a 1989 gaskiya ta fito a jarida. Ranar 24 ga Oktoba ta 1963 ma wata gobarar ta sake kashe mutane a filin, shi ya sa har yau ba a harba komi a wannan rana.

Da Sobiyet ta wargaje a 1991, filin ya faɗa hannun Kazakistan. A 1994 aka yi yarjejeniya: Rasha za ta riƙa biyan dala miliyan 115 kowace shekara, wato sama da miliyar 60 na sefa, daga baya aka tsawaita ta zuwa 2050. Kuɗin na shiga babban birni, amma guntayen roka a makiyaya suke faɗowa, wasu da ragowar mai mai guba da ake kira heftil. A watan Yulin 2013 wata rokar Proton ta juya kai ƙasa daƙiƙoƙi kaɗan da tashinta, ta tarwatse da tan ɗaruruwa na mai. A ganina makiyayin da ke wannan daji shi ya fi kowa biyan kuɗin wannan tarihi, kuma ba wanda ya tambaye shi tun farko.

Rasha na da wasu filaye a cikin gidanta. Daga Plesetsk da ke arewa aka harba NigeriaSat-1 na maƙwabtanmu a watan Satumban 2003. Ta kuma gina Vostochny can gabas mai nisa, aka fara harbi a Afrilun 2016 bayan shari'o'in satar kuɗin ginin. Amma mutum dai, daga Baikonur yake tashi. Tsakanin 2011 da 2020 har Amurkawa nan suke zuwa su sayi kujera a kumbon Soyuz. Dandalin da Gagarin ya tashi a kai kuwa, tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta Satumban 2019, wadda ta ɗauki Hazza Al Mansuri na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.