FANSHO BAYAN SAKI: INA RABON UWARGIDA?

Jama'a, wani abu ya tsaya min a rai. Wani abokin aikinmu ɗan Tsafe ya cika shekara 35 yana aiki, ana saura 'yan watanni ya yi ritaya sai ya saki uwargidansa. Shekara 28 suna tare. Da ƙuli-ƙuli da ɗinki ta riƙe gidan duk watan da albashi ya makara. Yau tana Bunguɗu gidan ƙanenta, giratuti kuwa ko sisi bai shafe ta ba.

Mu koma tarihi kaɗan. Fansho ba gadonmu ba ne, Turawa suka kawo shi da dokar 1951. Aka yi dokar soja ta 1979, sai gyaran Obasanjo na 2004 da ya kafa PenCom, sai na 2014 da ya ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ba shi aiki kashi 10. Duk waɗannan dokoki ma'aikaci suka sani, sai magadansa in ya rasu. Matar da aka saka ba ta cikin lissafi.

Su ma Turawan daga baya suka farga. Jamus ta fara raba haƙƙin fansho tsakanin ma'aurata in sun rabu a 1977, Ingila sai Disambar 2000.

Mu namu daban ne. A Musulunci dukiyar miji tasa ce, ta mata tata ce. Wadda aka saka tana da ciyarwar idda in sakin kome ne, da ta 'ya'yan da ke hannunta, da mut'a, wato kyautar sallama da aya ta 241 ta Baƙara ta ambata. A Malikiyya mustahabbi ce, shi ya sa muka yi watsi da ita.

Amma ku duba Maroko, Malikawa irinmu. Tun ƙarni na 16 malaminsu Ibn Ardun ya yi fatawa cewa matar ƙauye da ta yi wahala wajen tara dukiyar gida tana da rabo a ciki. Dokar iyalinsu ta 2004 ma ta ba alƙali damar duba wahalar kowa.

A Gusau aka ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999. Mun yi fiye da shekara 20 muna maganar haddi, amma haƙƙin tsohuwar da aka kora da kwanukanta kaɗai fa, wa ya taɓa zama a kansa?

Ban ce a kwafo na Turawa a raba biyu ba. Roƙona malamanmu da alƙalanmu su zauna su duba. Kafin nan, kai da za ka karɓi giratuti, ka ji tsoron Allah ka fitar wa uwar 'ya'yanka da wani abu. Gobe 'yarka ce a wannan hali.

Allah Ya sa mu gama lafiya. Me kuka gani?