Azurfa Talatin ko Sarautar Dawuda: Me Ya Sa Yahuza Ya Ba da Yesu?

Littattafan Bishara huɗu sun haɗu a kan cewa Yahuza Iskariyoti ne ya miƙa Yesu ga manyan firistoci. A kan dalili kuwa, kowanne da inda ya sa gaba. Markus, wanda yawancin masana ke ganin shi ne mafi daɗewa, wajen shekara ta 70 miladiyya, bai faɗi dalili ba. A ruwayarsa, sai da Yahuza ya kai kansa sannan aka yi masa alkawarin kuɗi. A wurin Matiyu ne ciniki ya shigo, har da farashi: azurfa 30, daidai diyyar bawan da sa ya kashe a Littafin Fitowa. Luka ya ce Shaiɗan ne ya shige shi. Yahaya, na ƙarshensu, ya ƙara da cewa dama ɓarawo ne, mai taɓa jakar kuɗin da aka damƙa masa.

Bayanin kwaɗayi bai cika gamsarwa ba, tunda Matiyu da kansa ya ce mutumin ya mayar da kuɗin, ya rataye kansa. Wannan giɓin ne marubucin Ingila Thomas De Quincey ya nemi cikewa a ƙarni na 19. A ganinsa, Yahuza Almasihu mai takobi yake jira, ɗan zuriyar Dawuda, wanda zai kori Romawan da suka ci Urushalima tun shekara ta 63 kafin miladiyya. Da ya ga malaminsa na jan ƙafa, sai ya ba da shi, don in tura ta kai bango ya bayyana ikonsa.

Labarin da daɗin ji, amma ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. Masu goyon bayansa kan ce Iskariyoti daga Sikari ne, 'yan tawayen nan masu ɓoye wuƙa cikin riga. Sai dai Josephus, masanin tarihin Yahudawa, ya sa ɓullarsu a zamanin gwamna Filikus, kimanin shekara 20 bayan da Yahuza ya ba da Yesu; fassarar “mutumin garin Keriyot” ta fi kusa. Kuma Yahudawan lokacin ba Almasihu iri ɗaya suke jira ba. Rubuce-rubucen Kumran, da aka fara ganowa a 1947, sun ambaci biyu, firist da sarki; wasu kuma annabi irin Musa suke tsammani. Wanne ne na Yahuza?

Abin lura, Luka bai ji nauyin kiran wani almajiri, Saminu, Zaloti ba, wato mai zafin kishi. Yahuza kuwa, Luka bai laƙaba masa wannan suna ba.