Tarihin Igiyar Ruwan Da Ta Ƙi Watsewa

Duk ɗalibin kimiyya ya san cewa igiya, ta ruwa ce ko ta haske, takan bazu ta yi rauni idan ta yi nisa. Ina so in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai tarihin wata igiya da ta saɓa wa wannan ƙa'ida.

A watan Agusta na 1834, wani injiniya mai suna John Scott Russell yana gwajin kwale-kwale a magudanar ruwa ta Union, kusa da birnin Edinburgh. Dawaki biyu ne ke jan kwale-kwalen, sai ya tsaya kwatsam. Ruwan da ya taru a gabansa ya ware kamar tozon sa, tsawonsa wajen ƙafa 30, yana gudun mil 8 ko 9 a awa. Russell ya bi shi a kan doki har mil ɗaya ko biyu, bai ga ya watse ba.

Bai tsaya nan ba. Ya gina kwatami yana ta maimaita gwajin, har ya gano cewa igiyar da ta fi tudu ita ta fi sauri. Ya fitar da rahotonsa a 1844, amma manyan masana irin su Airy da Stokes suka nuna shakku, domin lissafinsu bai yarda da haka ba.

Sai a 1876 Rayleigh ya tabbatar da ita ta hanyar lissafi, bayan Boussinesq na Faransa ya riga shi da 'yan shekaru. A 1895 Korteweg da de Vries na Holan suka buga lissafin da ke ɗauke da sunansu. Sirrin kuwa shi ne, ƙarfi biyu ne ke kokawa: ɗaya na son baza igiyar, ɗaya na tattara ta. Idan suka yi kunnen doki, sai ta riƙe siffarta.

A 1965, a Amurka, Zabusky da Kruskal suka gani a kwamfuta cewa irin waɗannan igiyoyi kan ratsa juna su fita lafiya lau, suka raɗa musu suna "soliton". A 1973 Hasegawa da Tappert suka ce haske ma zai yi haka cikin zaren gilashi na sadarwa, kuma a 1980 Mollenauer da abokansa suka nuna shi a zahiri.

A ganina, abin da ya ceci Russell shi ne awo da rubutu. Idan sakamakon gwajinka ya saɓa wa littafi, kada ka yi saurin goge shi. Sake aunawa, ka rubuta adadin yadda ya fito, sannan ka kai wa malaminka.