Ranar da Dusar Ƙanƙara Ta Binne New York: Guguwar Maris 1888

Ranar Asabar, 10 ga Maris, 1888, mutanen New York sun wuni cikin yanayi mai daɗi. Rana ta fito, sanyi ya yi sauƙi, kowa yana ganin hunturun bana ya kama hanyar tafiya. Hasashen yanayi ma bai tayar wa kowa da hankali ba: za a ɗan yi ruwa, sanyi ya ɗan ƙaru, daga nan gari ya washe. Kwana biyu bayan haka birni mafi girma a Amurka ya tsaya cak. Babu jirgin ƙasa mai shiga ko fita, babu saƙon waya, kuma mutane suna mutuwa a kan titi, wasu 'yan taku kaɗan daga ƙofar gidajensu.

A wancan zamani aikin hasashen yanayi yana hannun sashen sadarwa na rundunar sojan Amurka. Tashoshinsu suna auna iska da zafi su aika da rahoto Washington ta wayar tangarahu. Matsalar ita ce duk tashoshin a tudu suke. Ba a ƙirƙiro rediyo ba tukuna, don haka jirgin ruwan da ya ga hadari a tsakiyar teku ba shi da hanyar sanar da kowa sai ya iso gaɓa. Guguwar kuwa a kan teku ta yi ƙarfi, inda babu idon da ke kallonta. Ga shi kuma an rufe ofishin New York a daren Asabar saboda hutun Lahadi. Da ma'aikata suka dawo da yammacin Lahadin, wayoyin da ke haɗa su da Washington sun fara tsinkewa.

Irin wannan guguwa tana da nata tsarin. A gefen gabashin Amurka akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gudana a cikin Tekun Atlantika daga kudu zuwa arewa, ana kiransa Gulf Stream. Idan busasshiyar iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada ta ci karo da danshin da ke tashi daga wannan ruwa, sai hadari ya haɗu, ya riƙa juyawa yana bin gaɓa zuwa arewa. Iskarsa tana bugun garuruwan bakin teku daga arewa maso gabas, kusurwar da hunturunmu ke fitowa. Bambancin shi ne namu ƙurar Sahara yake ɗaukowa, nasu kuwa danshin teku, wanda sanyi ke mayarwa dusar ƙanƙara kafin ya sauka ƙasa. Yawanci irin wannan hadari wucewa yake yi cikin kwana guda. Na 1888 da ya kai kudancin yankin New England sai ya toge, ya yi ta juyi a wuri ɗaya yana zazzage abin da ya kwaso.

Ruwan sama ne ya fara sauka ranar Lahadi. Bayan tsakar dare ya rikiɗe ya zama dusar ƙanƙara, iska ta taso, sanyi ya yi ta ƙaruwa har ya kai wajen digiri 14 ƙasa da sifili a ranar Talata. Abin da ya sauka a New York ya kai kimanin santimita 53. A New Haven, da ke bakin teku a jihar Connecticut, ya haura mita guda. Amma ba yawan dusar kaɗai ya yi ɓarna ba. Iska ce ta riƙa kwasarta tana tarawa kamar yadda take tara yashi a jikin katanga, har ta toshe ƙofofi da tagogi. A Gravesend, kusa da Brooklyn, an auna wani tsibi da ya kai ƙafa 52.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya fitar da mutane daga gida a irin wannan safiya? Amsar ita ce albashi. Mafi yawan ma'aikatan birnin, leburori da teloli da 'yan matan masana'antu da yara masu tallan jarida, kuɗin yini ake biyansu. Wanda bai je ba bai samu ba, kuma yana iya tarar da an ba wani gurbinsa. Babu wata hukuma da ta ce kowa ya zauna a gida, babu ma hanyar da za a isar da irin wannan sanarwa. Saboda haka dubban mutane suka ɗaura abin da suke da shi suka fita da sassafen Litinin. Wasu sun isa wurin aiki suka tarar da ƙofa a kulle. Wasu suka ɓace a titunan da suka sani tun suna yara, domin iska da farin ƙanƙara sun hana su ganin gabansu. Sanyi irin wannan yana fara kashe yatsu da kunnuwa, sannan ya saukar wa mutum da kasala da barci. Wanda ya zauna don ya huta, sau da yawa ba ya tashi.

Jiragen cikin gari a lokacin a sama suke tafiya, a kan dogo da aka ɗora bisa ginshiƙan ƙarfe, tsayin bene. Ƙanƙara ta daskare a kan dogon, jirage suka maƙale tsakanin tashoshi da fasinjoji kusan 15,000. Nan take wasu suka ga kasuwa ta buɗe: suka kawo tsani suka jingina, sai ka biya kafin ka sauko. Kogin East River ya cika da manyan falankan ƙanƙara, har mutane suka riƙa takawa a kai tsakanin Brooklyn da Manhattan, kuma da igiyar ruwa ta juya ta fasa ƙanƙarar sai da aka ceto wasu da jiragen ruwa. Kasuwar hannun jari ta rufe kwana biyu. Madara da kwal suka yanke, talakawan da ke sayen kwal bokiti-bokiti suka kwana babu wuta.

Masu hali ma ba duka suka tsira ba. Roscoe Conkling, tsohon sanata kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan siyasar jihar, ya fito daga ofishinsa da ke Wall Street, mai keken doki ya nemi dala 50, shi kuwa ya ce bai biya ba, ya kama hanya da ƙafa. A dandalin Union Square ya nutse cikin tsibin dusa, ya daɗe yana fama kafin ya fita. Ya kai inda za shi, amma ya kwanta ciwo, ya rasu ranar 18 ga Afrilu yana da shekara 58.

A teku abin ya fi muni. Daga mashigin Chesapeake zuwa New England jiragen ruwa kimanin 200 ne suka nutse ko suka dagargaje ko iska ta jefa su gaɓa, matuƙa aƙalla 100 suka mutu. A Lewes ta jihar Delaware, jirage da dama sun gudo sun fake a bayan katangar da ke tare igiyar ruwa, sai iska ta tsinke igiyoyinsu ta riƙa gwara su da juna. Jimillar waɗanda guguwar ta kashe ta haura 400, kusan rabinsu a New York.

Abin da ya fi girgiza Amurkawan wancan zamani shi ne yadda fasahar da suke alfahari da ita ta durƙushe cikin dare ɗaya. Titunan New York cike suke da dogayen turaku, kowanne ɗauke da wayoyin tangarahu da tarho da lantarki masu yawan gaske. Ƙanƙara ta yi musu nauyi, iska ta karya turakun, wayoyi suka zube a titi. Kwanaki aka yi birnin ba ya jin Washington ko Philadelphia. Saƙo tsakanin Boston da New York sai da ya bi ta wayar ƙarƙashin teku zuwa Landan sannan ya dawo.

Abin takaici, an riga an san haɗarin. Tun 1884 majalisar jihar ta yi dokar da ta umarci kamfanoni su binne wayoyinsu a ƙasa. Kamfanonin suka ce aikin ya yi tsada, suka yi ta jan ƙafa da zuwa kotu. Ko bayan guguwar ba su saduda nan take ba. Sai da Hugh Grant ya zama magajin gari a 1889 ya tura ma'aikata da gatari suka fara sare turakun, kuma mutuwar wani ma'aikacin waya da lantarki ya kama a bainar jama'a a wannan shekara ta ƙara tunzura mutane. Batun jirgin ƙarƙashin ƙasa ma an daɗe ana tattauna shi saboda cunkoso, guguwar ta ƙara wa masu goyon bayansa hujja. Boston ta buɗe nata a 1897, New York ta bi baya ranar 27 ga Oktoba, 1904. Aikin hasashen yanayi kuwa an karɓe shi daga hannun soja a 1891 aka miƙa wa hukumar farar hula a ƙarƙashin ma'aikatar gona.

Guguwa ba ta daina zuwa wannan gaɓa ba. A Fabrairun 1978 wata ta sake tsayar da Boston, a Janairun 2016 kuma dusar da ta sauka a New York ta zarce ta 1888. Amma a 2016 an ga hadarin kwanaki kafin ya iso, hukuma ta hana motoci fita, mutane suka zauna a gida, kuma waɗanda suka mutu a birnin ba su kai ko kusa da na 1888 ba. Sama ba ta sauya hali ba. Abin da ya sauya shi ne an sa ido a kan teku, an binne waya, kuma an yarda cewa akwai ranar da bai kamata a tilasta wa lebura ya zaɓa tsakanin kuɗin yini da ransa ba. Dokar binne wayoyin ta yi shekara huɗu a kan takarda kafin dusar ta sauko.