Matafiyan Kwara a Ƙasar Yawuri

Idan hutu ya gabato mukan ji yara a makaranta suna hirar wuraren shan iska. Wannan ya ce Jos, inda duwatsu suka hau kan juna, wancan ya ce tsaunin Mambila mai sanyi. Ɗan Yawuri kuwa sai ya sunkuyar da kai, wai shi ƙasarsu ba abin kallo. To, saboda shi muka ɗauki alƙalami yau. Gaskiya ne ba mu da tsauni mai taɓa gajimare, sai 'yan duwatsun da ke wajen Birnin Yawuri. Amma muna da Kwara, kuma ita ce ta jawo mana baƙi tun zamanin kakanni.

Na farkonsu fatake ne. Ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan biyo ta ƙasar Yawuri, su yi zango a bakin kogi. Kome yawan jakunan madugu, kome ƙarfin layunsa, ba ya ƙetarewa sai mutanen ruwa sun fitar da shi. Cikinsu akwai Gungawa, watau mazauna gungu, masu kiran kansu Reshe. Su suka san inda dutse ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa, da inda dorina ke kwana.

Sa'an nan Turawa suka zo neman sanin inda kogin ya ƙare. Cikin watan Nuwamba na 1805 wani likita mutumin Sukotlan, Mungo Park, ya taso daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yanzu, cikin jirgin da ya haɗa da tsofaffin kwale-kwale biyu. Ya yi tafiyar mil wajen 1,000, ba ya son sauka, kuma jiragen da suka matso kusa da shi da bindiga ya kore su. Da ya iso Yawuri sai jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, don nan alkawarinsu ya ƙare. Amadi ya ba da labari daga baya, ya ce Park ya aika wa Sarki gaisuwa ta hannun wani mai gari, mai garin ya danne ta, har Sarki ya ɗauka an raina shi. Park dai ya wuce ba jagora. A Busa jirginsa ya maƙale a dutse, faɗa ya tashi da mutanen da ke gaɓa, ya faɗa ruwa ya nutse, farkon shekarar 1806. Ba mu hana shi jarunta ba. Amma baƙo ko da ido makaho ne, shi kuwa bai nemi ɗan jagora ba a wurin da ya fi bukatarsa.

Ku duba bambancinsa da Richard Lander da ƙanensa John. Sun iso Busa ta ƙasa cikin watan Yuni na 1830, suka gai da Sarki, aka ba su jirgi da matuƙa. Matuƙan nan suka haura da su ta tsakanin duwatsu da gungaye har Yawuri, ba abin da ya same su. Sun fi wata guda a Birnin Yawuri suna biɗar takardun Park, ba su samu ba. Suka komo, suka gangara, bayan wahala mai yawa suka fita teku cikin Nuwamba, duniya ta san inda Kwara ta ƙare. Littattafan da muke karantar da ku sun riƙe sunan Lander, masu tuƙin kuwa an bar su a jirgi.

Kogin da suka gani ba shi ne na yau ba. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji don wutar lantarki, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon mil 80 da ɗoriya. Mutum wajen 44,000 aka tayar, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu. Tsohuwar Busa ta nutse, babban gungun Foge ya nutse, haka gonakin albasa na Gungawa da kushewun iyayensu. Kambarin Ngaski da Shangawa su ma ruwa ya taɓa nasu. Birane sun sami haske, masunta sun sami faɗin ruwa, amma wanda ya biya kuɗin shi ne mutumin gungu.

Abin da bai nutse ba shi ne gwanintar tuƙi. Wanda ya halarci bikin Rigata a Yelwa, wadda ta zama mazaunin Sarkin Yawuri tun 1888, zai ga samari jere cikin dogayen jirage, matuƙai na tashi suna sauka tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da su, makaɗi na tsaye a tsakiya bai ko karkata ba. Jikokin masu fitar da fatake ke nan. In kuwa ya shiga jirgin kasuwa ya gangara kudu ya wuce Wara, zai bi ta kan duwatsun da suka ci Park, ruwa lumui, sai fa in matuƙin dattijo ne ya nuna masa wurin da gorarsa.